Kuɓewar Baba Isuhu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina shirin tafiya makaranta Abba ya shigo ya ce Baba Isuhu ya rasu. Jiya da la'asar aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Kun san ba na yawan rubutu a nan. Yau ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne tsohon nan mai lambu a gangaren unguwar Akebe a nan Libreville, bayan shagon kafintoci. Mutumin wajen Maraɗi ne, da can direban taksi. Ba danginmu ba ne, mu Kanawa ne. Amma shi ne mutum na farko da na taɓa yi wa gardama da ƙarfi.

Bara aka saka sunana a muhawarar makaranta kan sauyin yanayi, ni da ko malami ya kira ni a aji da ƙyar ake jin muryata. Wata rana Umma ta aike ni karɓo alayyaho wurinsa. Ina tsaye ina maimaita jawabina ƙasa-ƙasa da Faransanci, ashe yana ji.

"Malama Shiru, da wa kike hwaɗa?"

Na ce ba kowa. Ya ce to a juya masa da Hausa, shi ma ya ƙaru. Na sunkuyar da kai na ce duniya na ɗumama, rani na ƙara tsawo, in ruwa ya zo kuma sai ya zo da ambaliya.

"Ban yarda ba," in ji shi. "Ruwa na nan yadda na iske shi. Mutane ne suka yi gini kan hanyarsa, suka cika lambatu da leda. In na zauna miki bakin ƙofa, ba ta taga za ki hita ba?"

Na karɓi alayyahona na tafi. Washegari na dawo da amsa a rubuce. Ya rushe ta. Haka muka yi ta yi kusan kullum, kuma ban taɓa barin wurin ba tare da ya tsinko min gwaiba ko lemon tsami ba. Ranar muhawara ban yi nasara ba, amma na kai ƙarshen maganata a tsaye. Duk abin da abokin karawata ya faɗa, na riga na ji shi a bakin Baba Isuhu, kuma na Baba ya fi daɗin ji.

Abin da ya fi ji da shi a lambun shi ne wata gajerar kuɓewa mai jan ƙwanso, irin garinsu. Na tambaye shi yadda ta zo Libreville.

Ya ce shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, tun ba a haife ni ba, kayan miya suka gagari mutane. Ba a jima ba kuma aka shiga kamen baƙi marasa takardar zama. Tasa ta ƙare, sai ya ajiye taksi ya daina hawa titi. A zaman nan ya tuna da ƙullin iri da mahaifiyarsa ta cusa masa a jaka. Ya ari fartanya ya yi fangali irin na gida, wato ya haƙa ƙasa ya zurfafa ta don ta riƙe ruwa.

A Libreville fa!

Ruwan farko ya mayar masa da lambu tafki, har da kwaɗi. Maƙwabciyarsa Mama Odet, 'yar ƙasa, ta leƙo ta katanga tana dariya: "Kai ɗan hamada, kifi za ka kiwata?" Ita ta nuna masa yadda ake tada kunya har gwiwa. Tushe uku kawai suka tsira, kuma daga su duk kuɓewarsa ta fito har yau. Ya ce a raɓar garin nan iri ba ya shekara biyu, ko da an sa shi a kwalba da toka. In aka tsallake shuka sau ɗaya, shi ke nan.

Ambaliyar ƙarshen daminar da ta wuce ta shafe masa kusan komai. Irin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

A lokacin na karanta a littafin makaranta cewa manoman Sahel na shuka a rami don maganin fari. Na ruga na gaya masa, na ce tunda rani na ƙara tsawo ya kamata ya gwada. Ya yi dariya har da tari.

"Abin da uwata ta yi ba boko, shi aka koya miki da Faransanci? Ɗiyata, ramin nan ya taɓa cina."

Duk da haka ya raba irin biyu. Rabi a kan kunya, nasa. Rabi a rami, nawa. Har yanzu ina mamakin abin da ya sa ya yarda, alhali ya san ba shi da wani.

Da rani ya yi nisa aka yi ta ɗauke ruwan famfo, shi kuma ƙafafunsa suka fara kumbura. Ina hutu, sai na riƙa ɗauko ruwa jarka ɗaya ina raba wa kunya da rami daidai. Wallahi ban fifita nawa ba. Na kan kunya suka yi yaushi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na rami suka yi fure, suka yi 'ya'ya.

Na ce, "Baba, ka gani?"

Ya ce, "Wannan ba yanayi ba ne. Hwamfo ne."

Ranar Juma'a na gan shi na ƙarshe. Yana zaune kan tsohuwar taya, ya kasa sauka gangaren. Ya ce in je in girgiza ƙwanson in gaya masa guda nawa ke ƙara. Na ce biyu.

"Bar su a jikin uwarsu sai sun yi caccaka duka. Amma duk abin da ya rage mana a cikin raminki yake, kuma ruwa na hanya. Ranar da kika ga tururuwa na hawa katanga da ƙwai a baki, yanke su, ko sun bushe ko ba su bushe ba."

Na ce wayata ta nuna ruwa sai bayan kwana goma. Ya ce, "Wayarki ta taɓa zama a rami?"

Yau da Abba ya fita wurin jana'iza na kasa tafiya makaranta. Na roƙi Umma na sauka lambun. Na fara duba waya, ta ce ba ruwa. Sai na dubi katangar Mama Odet. Layin tururuwa ne tun daga ƙasa har sama, kowace da farin abu a baki.

Na daɗe a tsaye. In na yanke da wuri, irin zai iya ƙin tsirowa. In na jira, ruwa zai iya kwashe shi.

Na yanke. Ƙwanso goma sha ɗaya, bakwai na ƙara. Umma ta rataye su saman murhu.

Yanzu da nake rubutun nan an fara yayyafi, ban sani ba ko zai yi ƙarfi. Kuma har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya tsakanina da shi ba. Ina ganin kowa ya riƙe wani ɓangare, kuma da shi kaɗai nake son in ƙarasa maganar. Ina da tambayoyi: yaya tururuwa ke sani? Tokar wace itace yake zubawa a kwalbar? Wanda ya sani don Allah ya gaya min.

In sun bushe zan raba su biyu kamar yadda ya yi.

Allah Ya jiƙan Baba Isuhu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya taɓa shan miyar kuɓewarsa, da wanda bai taɓa ba, ina roƙonku ku sa shi a addu'a.