Isufu ya tafi ya bar ni da ragon kup

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe atelye, wato shagon ɗinkina, ko tsintsiya ban ɗauka ba, waya ta yi ƙara. Maƙwabcin Isufu ne daga unguwar Kirkissoye, ƙetaren gada. Ya ce, "Malam Sani, sai haƙuri, abokinka ya riga mu gidan gaskiya." Na ce wane abokin? Don Isufun da na sani, ranar Litinin ɗin nan ya cika mini shago da surutu.

Wai ya dawo daga sallar asuba, ya jiƙa wa ragonsa dusa, ya zauna a kan benci yana kallonsa yana ci. Daga wannan zaman bai tashi ba. An ce hawan jini ne. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, Isufu direban taksi ne, mutumin Damagaram, kuma duk Yamai ba a yi wanda ya kai shi son kulob ɗinmu na ƙwallo ba. Ba zan kama sunan kulob ɗin ba, yau haushinsa nake ji.

Yanzu haka da nake wannan rubutu, ragon nan yana ɗaure a tsakar gidana a unguwar Dar es Salam, yana ta kuka, kuma ransa a hannuna yake. Yadda aka yi haka ta faru nake so in gaya muku, don in na yi shiru abin zai ci ni.

Ranar da na sauka Yamai daga Maraɗi, da keken ɗinkina da buhun kayana, ban san kowa ba. Isufu ne ya ɗauke ni daga tasha. Ko sunana bai tambaya ba, sai ya ce, "Tela, wace ekip kake so?" Na ce ba ni da ekip. Ya ce, "To yau ka samu."

Da na san abin da na shiga, da na sauka na ɗauki kekena a ka.

Amma shi ya yi ta yawo da ni lungu-lungu har na samu shagon da nake ciki yau. Ranar da matata take naƙudar ɗanmu na fari, ruwan sama ya cinye hanyoyin unguwarmu, duk direban da na tsayar sai ya girgiza kai. Isufu ya kutsa da motarsa har ƙofar gida. Ruwa ya shiga inji, motar ta daɗe a garaji. Bai taɓa tuna mini wannan ba, ko da wasa. Amma in na fasa zuwa maci guda, sai ya yi wata yana yi mini gori.

Kowace shekara, in shampiyona, gasar ƙwallon ƙasa, ta kusa farawa, maganarsa ɗaya ce: "Bana tamu ce."

An sayar da mai ci mana ƙwallo, bana tamu ce. An kawo koc ɗin da ko sunayen yaran bai riƙe ba, bana tamu ce. Akwai shekarar da gardiyan ɗinmu, mai tsaron gida, ƙwallo ke bi ta tsakanin ƙafafunsa kamar kaza ta ga ƙofa a buɗe, Isufu ya ce ai dabara ce, yana yaudarar abokan gaba ne kafin manyan wasanni. Na sha gaya masa sa zuciya ga ci shi ke kawo jin yunwa. Sai ya ce, "Kai dai Bakatsinen Maraɗi, ɗinki ka sani."

Batun ragon kuwa, baki ne ya jawo shi.

Wata shekara kup, wato kofin gasa, ta zo har bakinmu, a wasan ƙarshe muka zubar da ita. Muka dawo fada kowa ya yi jugum, shayi ma ya ƙi shiguwa. A lokacin Isufu ya sayi wani ɗan rago yana kiwo don layya, ƙahonsa ko murɗewa bai fara ba. Sai ya miƙe a gaban jama'a ya rantse cewa ragon nan ba na layya ba ne kuma, ranar da muka ɗauki kup a ƙofar sitad, filin wasa, zai yanka shi, kowa ya ci. Muka tafa masa, har da ni. A tsammaninmu baɗi ne.

A lokacin 'yarsa Nana tana lakkol, 'yar firamare da allo a hannu. Yau goyo gare ta.

Rago ya girma, ya ƙoshi, yaran unguwa suka sa masa Shampiyo. Duk Babbar Sallah sai Isufu ya je kasuwa ya sayo wani ragon, ga ƙato nan a gida yana kallonsa yana tuƙa. Matarsa Rakiya, wadda muke kira Maman Nana, ta yi faɗan har ta gaji. Ita ke share kashinsa, ita ya cinye wa zane a kan igiya ba sau ɗaya ba. Fasinja kuwa sun san motar Isufu da warin ɗanyar ciyawa, don kullum sai ya ratsa Saga ya cika bayan mota kafin ya koma gida.

Ni kuma nawa rabon wahalar, riga. Duk farkon shampiyona sai na ɗinka wa Shampiyo sabuwar riga da launin kulob, a kai shi wasan farko. Ni da nake ɗinka wa manyan mutane babbar riga, a gan ni durƙushe ina auna ƙirjin rago.

Wannan awon ne ya kawo su ranar Litinin. Rago a kujerar baya kamar wani alhaji, Isufu ya zagayo ya buɗe masa ƙofa. Na ce, "Isufu, ɗinkin biki ne a gabana, amarya na jira, ka kawo mini dabba." Ya ce, "Amarya ta jira, wannan ya girme ta a layi."

Na ɗauko metir na auna. Ragon ya rame. Haƙoransa sun zube, shi ya sa dusa ma sai an jiƙa masa. Don in tsokane shi na ce, "To, bana ma tamu ce?"

Bai ba ni amsar da na saba ji ba. Ya hau sosa wa ragon tsakanin ƙaho. Can ya ce, "Sani, tsakaninka da Allah, ranar da na ja ka kallon yaran nan suna atisaye, me ka gani?"

Gaskiya ɗaya ce, na gani. Ni da na daɗe da cire rai, ranar nan sai da na miƙe tsaye. Yaran da aka ɗauko bana ƙanana ne, ba su da suna, amma suna ba juna ƙwallo kamar a gida ɗaya suka tashi, kuma a karon farko muna da gardiyan mai hannu. Na ce masa sun iya.

Ya ce, "Shi ne. Wallahi bana tsoro nake ji."

Na ce tsoron me?

Ya ce, "Tsoron mu ci."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya ce, "Sabo turken wawa. Shi ke tashe ni sallar asuba. In na dawo aiki, tun daga bakin lungu yake gane ƙarar motata, Rakiya ma ba ta gane ta ba. Kup ina son ta, Allah shi ne shaida. Amma hannun nan nawa ba zai iya ɗora masa wuƙa ba, kuma na rantse a gaban mutane. In muka ci, kai za ka yanka. Ni mota zan shiga in ƙetare gada, in an gama ka kira ni."

Na ce na ɗauka. Na faɗa ne da sauƙi, don duk da abin da na gani a fili, a raina cewa nake wannan kulob ɗin namu zai san yadda zai yi ya ɓata abin, kamar kullum. Ya miƙo hannu muka tafa. Da zai tayar da mota ya leƙo ta taga ya ce, "Ka saki wuyan rigar, ta bara ta shaƙe shi."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Wuyan rigar rago.

Yanzu ku ji abin da ya ɓata mini rai yau.

Mun dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta Zabarmawa suna shigowa da ta'aziyyarsu ta "fonda tilas", ana amsawa. Ko ƙurar kabari ba mu karkaɗe daga ƙafa ba, sai Lawali, shugaban magoya bayan kulob, ya gyara murya. Na ɗauka addu'a zai ja. Sai ya ce, "Jama'a, wanga rago fa mi za a yi da shi? Ni a ganina a yanka shi kahin macin farko, a yi sadaka, albarkar marigayi ta bi yaran. Bana ko makaho ya san tamu ce."

Wani daga gefe ya ce ina, ai in aka yanka kafin kup an karya sa'a, a bar shi. Wani ya ce a shiga da shi tsakiyar fili a yi masa zagaye. Kafin ka ce me, an bar rago an koma kan wa zai buga lamba tara. A gidan mutuwa. Mutumin da ya yi shekaru yana kwasar su zuwa sitad kyauta, har a kan cinya, ko wuni bai yi a ƙasa ba.

Na buɗe waya don in kau da kai, sai na tarar a gurup ɗinmu ma haka ne. An sa hoton Isufu, an yi "Allah ya jiƙansa" kaɗan, a ƙasa wani ya tambaya ko gaskiya ne sabon ɗan bayan nan ya ji ciwo a gwiwa.

Na san kuna karantawa. Ku ji kunya.

Allah ya saka wa liman, shi ya kashe maganar. Ya ce, "Wanda ya yi rantsuwa ya tafi, abin da ya rataya ta a kai bai faru ba. Ragon nan yanzu dukiyar magada ce. Ba na kulob ba ne."

Ni har na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, kaya ya sauka daga kaina.

Bayan la'asar aka ce Maman Nana tana kirana. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. A zatona cewa za ta yi a kai shi kasuwa gobe, kuma da ban ga laifinta ba.

Ta ce, "Malam Sani, ya gaya mini abin da kuka yi ranar Litinin. Na yi magana da yara, bakinmu ɗaya. Ka tafi da shi. Ba zan iya jin kukansa da asuba ba, alhali mai fitowa ya ba shi ba ya nan." Ta share ido da bakin mayafi, sannan muryar da na saba ji tana faɗa ta dawo. "In kun ci, ka cika masa alkawarinsa, kada a ce mijina ya rantse a banza. In ba ku ci ba, ka ciyar da shi. Ni na yi nawa."

Me zan ce? Alkawari kaya ne, kuma da bakina na ɗauka.

Wani abokin aikin Isufu ne ya kawo mu gida, ni da ragon, a motar marigayin. Da aka buɗe ƙofar baya, Shampiyo da kansa ya hau ya kwanta a wurinsa. Sai da muka hau gada ya ɗaga kai ya ga ba Isufu ne ke tuƙi ba. Daga nan ya fara kukan da har yanzu bai daina ba. Na jiƙa masa dusa, ya sunsuna ya kau da kai.

Lawali, na ga kiranka, ba zan ɗauka ba. Duk mai shawara a kan ragon nan ya riƙe abarsa. Wanda yake son taimako ya kawo ciyawa.

Isufu, haushinka nake ji, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru kana cika mana kunne da bana tamu ce, duk ba gaskiya ba, muna haƙuri da kai. Shekarar da maganar taka take neman zama gaskiya, ita ka zaɓa ka tafi. Ka ce in an gama in kira ka. Wace lamba zan kira?

Tun ranar da ka ɗauke ni a tasha nake son in ga kup ɗin nan a hannun yaranmu. Yanzu duk ƙwallon da suka ci, wuƙa ce take matsowa kusa da abin da ya rage mini naka. In kuma suka zubar kamar yadda suka saba, rantsuwarka tana nan rataye, ga rago ya tsufa, ba lalle ya ga baɗi ba.

Rigar tana kan keke, gobe in Allah ya kai mu zan ƙarasa ta. Na saki wuyan, kamar yadda ka ce.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Isufu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa duk wanda ya taɓa ɗauka a ruwa da rana ya zame masa haske. Ka ba Maman Nana da yaransa haƙurin rashinsa, mu kuma ka sa mu cika da imani.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko wace ekip yake so, ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya.

Ta kulob kuwa, wanda ya san addu'ar da ta dace ya yi mana. Ni ɗazu na ɗaga hannu, na rasa abin da zan roƙa.