Madubin Da Ya Zo Cikin Kayan Taimako

Daminar da mutanen ƙauye suka cika makarantar firamaren unguwarmu a Ƙanƙara, ina zaune gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Daga ƙauyukan da ke tsakanin Faskari da Sabuwa suka gudo, bayan 'yan bindiga sun hana su kwana a gidajensu. Yawancinsu da kayan jikinsu kaɗai suka iso. Gwaggo ce shugabar matan unguwa, saboda haka duk abin da aka tara na taimako gidanta ake kawowa. Ta ba da babban ɗakinta, ni kuma ta ɗora mini aikin warewa.

Aikin ba ya son magana. In kwance ƙunshi, in zazzage bisa tabarma, zannuwa gefe guda, hijabai gefe guda, kayan yara cikin babban daro, kwanuka da ludaya can bakin ƙofa. Ruwa na ta sauka bisa kwanon rufi, ɗakin kuma ya cika da ƙamshin adakar mutane: kafur, turaren wuta, wani sa'in hayaƙin murhu. Sai in ɗaga wata tsohuwar atamfa, in tsinci kaina a bikin da aka fara ɗaura ta, har ina jin guɗa. Hannuna na ninki, hankalina na can wani tsakar gida da ban taɓa shiga ba, sai Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyar nan, barci kike ko aiki?"

Wata safiya mai kura ya sauke kaya, a cikinsu har da wani dogon abu naɗe da tsohon bargo. Na kwance, sai ga madubi, ya kusa kai tsayina. Katako ne ya zagaye shi, da zanen furanni da suka koɗe, kusurwa ɗaya ta tsage. Mai kura bai san gidan da ya fito ba.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Mutane na neman tuwo, wani ya aiko masu da madubi. Mi za a yi da wanga?"

Muka jingine shi jikin bango, muka rufe da bargonsa.

Da kaya suka yi yawa, wasu daga cikin matan makarantar suka riƙa zuwa taya mu ɗaure ƙunshin kowane gida. Akwai wata doguwa a cikinsu, 'yar wajen Sabuwa, da goyo a bayanta. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Ba ta cika magana ba, amma ban taɓa ganin yatsu masu sauri irin nata ba. Kafin in ƙulle ɗaya, ta ƙulle nata ta jawo wani.

Ran nan bayan la'asar mu kaɗai muka rage. Ruwa ya ɗauke, rana ta shigo ta taga. Ta miƙe za ta ɗauko tabarma, gefen zanenta ya ja bargon ya zame. Haske ya faɗa kan madubin, ya koma bisa rufin ɗaki yana rawa kamar ruwan tafki.

Ta tsaya cik. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zare ɗankwalinta a hankali. Gashinta ya cukurkuɗe, ga furfura ta fito ta gefen kunne.

"Wanga ni ce?" in ji ta.

Ta ƙara matsawa kusa da madubin.

"Tun da muka baro gida ban ga fuskata ba. Na ɗauka tawa na taho da ita, ashe ta Inna na ɗauko." Ta shafa kumatunta. "Allah ya jiƙan Inna. Haka take sak."

Na ce amin. Ta zauna bisa tarin zannuwa, ta shiga ba ni labari, muryarta ƙasa-ƙasa. Ita ce mai kitson ƙauyensu, gado ta yi wurin mahaifiyarta. Gindin wata tsamiya take zama, amare har daga ƙauyukan kusa ake kawo mata. Tana magana tana kallon madubin, kamar tsamiyar na can ciki.

Can ta ce, "Babu mataji cikin kayan nan?"

Na tuna na ga ɗaya cikin wani gwangwani, tare da tsinken kitso. Na miƙa mata, ina zaton kanta za ta gyara. Sai ta nuna gabanta.

"Zauna, ƙanwata. Hannuna ya yi kewa."

Na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta tsefe mini kai, ta fara tsaga. Yatsunta sanyi gare su, jaririnta na numfashin barci a bayanta. Idona ya yi nauyi. A cikin madubin tarin kayan suka koma mini kamar duwatsun Pauwa, hijabai kamar gajimare, mu biyu kuma kamar muna zaune a dawa, babu mai koro, babu mai gudu. Ban san lokacin da ta gama ba. Na farka da shuku a kaina, shiri-shiri, irin wanda ba a taɓa yi mini ba.

Gwaggo na tsaye bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta dubi kaina, ta dubi matar.

"Gobe a kai madubin nan makaranta," ta ce. "Ya samu mai shi."

Aka jingine shi gindin dogonyaro a filin makarantar. Daga ranar, duk sa'in da na kai ƙunshi sai in tarar da mata zaune kewaye da ita, wata kai a tsefe, wata rabi a kitse. Ko wadda ba ta zo kitso ba takan ratso ta gaban madubin, ta ɗan tsaya, ta gyara ɗaurin kallabi. A nan na fara jin dariyarsu.

Bayan an yanke gero, mijinta ya samu aron gona wajen Ketare, ya zo ɗaukarta bisa babur. Muka ɗaura ƙunshinta a baya. Ta hau, goyo a bayanta, ta rungumi madubin a gefe, ta ƙi yarda a naɗe shi.

"Ki gaida Gwaggo," ta ce. "Kuma kada ki bar kan nan ya tsufa."

Babur ya tashi. Ina tsaye ina kallon sama tana gudu a cikin madubin, ga kawunan dawa na wucewa, ga wata 'yar ƙaramar mace can ciki tana ɗaga hannu. Sai da suka sha kwana na gane ni ce.