Ranar Da Na Tare Wa Ya Falmata Ƙofa

Har in bar aikin nan ba zan manta da safiyar da Ya Falmata ta shigo mini ɗan asibitinmu na Gure ba, lulluɓe kamar za ta tsallaka Sahara. Lokacin ni ne majo, wato babban ma'aikacin jinya. Ita kuwa mai gyaran amare ce, dilka da halawa, har daga Kelle ake kawo mata 'yan mata. Da ta yaye mayafi sai na ga kumatu sun ƙone, aikin man ƙara haske. Amare sun fara gudu, don mai gyaran jiki fuskarta ce tallarta.

Ta miƙo waya, ta nuna mini tallan gyaran fuska iri biyu. "Majo, zaɓa mini. Na jini ko na allurai?"

Ga waɗanda ba su sani ba: a na farko ana ɗibar jininka, inji ya juya shi har ruwan ɗorawa ya ware, a tsira maka a fuska. Na biyu ƙananan allurai ne ke tsattsaga fata don ta sake tohowa. Likitan fata ke yin su, mu ko injin ba mu da shi.

Na ce, "Yaya, a kan wannan fatar babu ko ɗaya. Ta yi laushi kamar ɓawon albasa, tsaga ɗaya sai tabo."

Ta miƙe. "To, Buba wanzami zai yi. Ya tsaga, ya sa ƙaho, in shafe jinin. Biyun ke nan a haɗe."

Wallahi sai da hulata ta tashi! Na jawo kujera na dasa tumbina a bakin ƙofa, ko kyanwa ba ta wucewa.

"Matsa, buhun gero!"

"Ki tsallake ni. Amma fuskar nan ba ta zuwa wurin Buba."

Ta zage ni da Hausa, ta ƙarasa da Barbarci. Ban motsa ba har ta gaji, ta zaro kwalbar man daga jaka ta dangwarar kan tebur. Sannan na kira likitan fata a Damagaram, a gabanta.

Da ta je, likitan ma bai taɓa ta da allura ba. Ya hana ta man, ya ba ta magani, ya ce ta guji rana. Bayan damina ta dawo baƙa wuluk, sumul, amare sun cika mata gida.

Ku sabbin shiga, ku riƙe wannan: mai neman gyaran fata ba ya jin "a'a" sai an nuna masa inda zai nufa. Kafin nan, ku tare ƙofar. Wanda ba shi da tumbi ya ari nawa.