Mamuda Kati da Gurbi Ɗari Biyu

A Likoro ana ce masa Mamuda Kati, amma ba ɗan caca ba ne. Sunan ya samo asali daga aikin da ya yi a Zariya, inda ya shekara goma sha biyar yana huda kati.

Ɗan manomi ne. Ya gama firamare, ya koyi buga tafireta, aka ɗauke shi a wata ma'aikatar binciken noma. Shekara takwas bayan samun mulkin kai aka kawo kwamfuta ma'aikatar, ta cika ɗaki guda, aka ɗora wani Ba'indiye, Mista Raman, a kanta. Da yake hannun Mamuda ya fi na kowa sauri, shi aka fara koya wa injin huda kati. Masana su rubuta umarninsu a takarda, shi kuma ya buga, kowane layi katinsa daban. Duk Asabar yakan hau keke ya koma gida wurin matarsa Sabuwa, a taru a ƙofar gidansu ana jin labarin injin da ke lissafi ba ya gajiya.

Shi da kansa ya kawo Lawal. Ɗan ƙanwar mahaifiyarsa ne daga Makarfi, ya gama sakandare yana zaune ba aiki. Mamuda ya roƙa masa gurbi, ya ba shi katifa a ɗakinsa, ya nuna masa yadda ake riƙe kati kada gefensa ya lanƙwashe. Ba a yi wata shida ba Mista Raman ya ɗauke Lawal daga injin huda, ya sa masa kujera kusa da tasa, ya fara koya masa rubuta umarni. Sai ga takardu suna zuwa teburin Mamuda da rubutun ƙaninsa a kai.

Akwai abin da Mamuda ya daɗe yana lura da shi. Katin da ya huda ba shi kwamfuta ke aiki da shi kai tsaye ba. Sai an haɗa shi da wani babban ɗaurin kati da ake kira kwamfaila, injin ya karanta, ya fitar da sabon ɗauri a yarensa. Idan masani ya ƙara lambobi a takardarsa, sabon ɗaurin yakan ƙara kauri. Amma wani lokaci a nemi gurbi dubu na ajiye lambobi, ɗaurin ya fito siriri. Ya yi kwanaki yana juya abin, ranar nan dai ya haɗiye girmansa ya tambayi Lawal suna cin abincin rana.

Lawal ya ajiye cokali da murna. Ya ce, "Yaya, kashi uku kwamfaila take yi wa aikin. Umarni ta jera su wuri ɗaya. Lambobin da aka riga aka sani ta jera su wani wurin, kowane kati da adireshin inda za a ajiye shi a ƙwaƙwalwar injin. Gurbin da ba a zuba komai ba tukuna kuwa, ba ta ɓata masa kati. Kawai takan rubuta a keɓe wuri kaza daga nan zuwa can."

Bayanin ya shiga kan Mamuda sarai, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ashe abin bai fi ƙarfinsa ba. Ba a dai zaɓe shi a koya masa ba ne. Ya ce, "To, madalla," ya ture kwanon, abincin ya fita ransa.

Bayan kaka aka kawo awon dawa da masara daga gonakin Furana da Malikanchi, aka ba Lawal aikin, karo na farko shi kaɗai. Kashi biyu ya rubuta shi, yana gudu saboda ana jira. Da Mamuda ya zo bugawa ranar Talata, sai ya ga a takardar farko an keɓe wa gonaki gurbi ɗari biyu, a ta biyu kuma ana zuba gonaki ɗari biyu da sittin. Ya dakata, yatsunsa a sama. Ya gane cewa sittin ɗin nan za su malala su danne duk abin da kwamfaila ta ajiye a gaba. Ya ɗaga kai, ya hangi Lawal ta gilashi yana dariya da Mista Raman, hannun Ba'indiyen a kafaɗarsa. Sai ya sunkuyar da kai ya buga abin da aka rubuta, harafi bisa harafi.

Sakamako ya fito abin dariya. Wata gona a Furana da ba ta kai kadada ba, wai ta ba da dami dubu tara. Lawal ya dafe kai. Laraba da Alhamis ya bi lissafinsa layi-layi, ya tarar daidai yake. Mista Raman ya daina dariya da shi. Ranar Juma'a bayan masallaci Lawal ya zo ya rusuna gefen injin huda.

"Yaya, ko hannunka ya zame a wani kati?"

"Duba mana. Abin da ka rubuta na buga."

Ya duba, babu kuskure ko ɗaya. Ya ba da haƙuri ya tafi. Mamuda ya ji wani daɗi mai ɗaci, wanda bai taɓa sanin irinsa ba.

Asabar a Likoro, tun bai jingine keke ba dattawan ƙofar gida suka fara tambayar Lawal, wai sun ji shi ke ba injin umarni yanzu. Da ya shiga ciki, Sabuwa ta kawo masa fura, ta dube shi ta ce, "Malam, lafiya? Ka dawo kamar an yi maka rasuwa."

Ya gaya mata duka, yana tsammanin za ta ce ai shi aka zalunta. Ta juya ludayi a ƙwarya, ta ce, "In aka kore shi, wa zai je Makarfi ya gaya wa Inna? Ba kai ka je ka ɗauko mata shi ba?"

Litinin da sassafe ya shiga ofis. Bai nufi Lawal ba, wurin Mista Raman ya wuce da takardun biyu, ya nuna masa lambobin, ya bayyana abin da suka danne. Ba'indiyen ya dube shi da mamaki, ya ce lalle yana da ido, sannan ya ƙwala wa Lawal kira ya gyara. Kati ɗaya aka sake. Kafin azahar awon Furana ya dawo hankalinsa.

Da aka tashi, Lawal ya tare shi wurin ajiye kekuna. Ya yi godiya, sannan ya ce a hankali, "Yaya, yaushe ka gani?"

Mamuda ya so ya ce yau. Bakinsa ya ce, "Talata."

Lawal ya hau kekensa ya tafi. Ƙarshen watan ya kama ɗakin kansa a wata unguwa. Da damina ta faɗi aka tura shi kwas Ikko. Mamuda kuwa aka naɗa shi shugaban masu huda kati, mutum shida a ƙarƙashinsa, kuma nan ya tsaya har aka daina amfani da kati. Ya koma Likoro ya kama noman rake, ya yi suna da kyan mazarƙwaila.

Zumunci bai yanke ba. Lawal yakan zo gaisuwar Salla a mota, Mamuda ya sa a yanka masa zakara, su yi hirar damina da farashin taki, ba mai ɗauko zancen aiki. Da Lawal ya tashi aurar da 'yarsa Jamila a Kaduna, sai ya aiko wa Mamuda ya zama waliyyi. Mamuda ya je da babbar rigarsa, ya ba da aure da murya mai ƙarfi, ya sa albarka har da hawaye. A hanyar dawowa Sabuwa ta tambaye shi yadda ya ga gidan Lawal. Yana kallon titi ya ce benen ya yi kyau, sai dai tsakar gidan ƙarama ce, ko shanya ba za a yi a ciki ba.