Ranar da Na'ura Ta Ce Babu Goggo

Ni mai ɗaukar hoto ce a Matameye, kuma yawancin aikina na cikin gida ne, wato suna da kamu da walimar mata, inda ba a son namiji ya shiga da kamara. Ina da ɗan shago a zauren gidanmu. Ɗaukar hoton ba ta taɓa gajiyar da ni ba. Abin da ke cin raina shi ne abin da ke biyo baya: a juye hotuna daga katin kamara, a ware na kowane gida, a rage masu girma don su tafi ta waya, a zuba wa kowa nasa a kle, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin na'ura. Sai in wuni ina danne-danne har wuyana ya ƙage.

Yayana shi ne ya raba ni da wannan wahalar. Kowane rani yana tafiya Kano, inda yake gyaran na'urori a rumfar wani abokinsa, in damina ta kusa ya dawo noman hatsi. Wata shekara ya dawo mini da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta. Ya buɗe wani baƙin allo wanda babu hoto ko ɗaya a kansa, sai ɗan fari yana ƙyafta ido, ya ce sunansa shel, kuma a nan ake yi wa na'ura magana kai tsaye.

"In kin jera umarnin a fishiye ɗaya, wato fayil," in ji shi, "layi bayan layi, shi ake ce wa sikiribti. Ki kira shi sau ɗaya, ya yi miki aikin wuni."

A gabana ya rubuta mini na farko, yana shan fura yana bugawa da hannu ɗaya. Ya gwada shi a kan wani dosiye, wato jakar da ake tara hotuna a cikin na'ura, da ya sa wa suna gwaji, ya tafi sumul. A ƙarshe allon ya rubuta "An gama". Na yi ta murna kamar an ba ni kyautar saniya.

Wadda muka fara yi wa aiki da shi Goggo ce, ƙanwar babanmu. An yi sunan jikarta, ni na ɗauki hotunan, ta zo da kanta karɓa saboda ba ta yarda da aike ba. Goggo mace ce mai jiki da murya, in ta zauna a benci babu mai raɓa ta. Ta zauna ta kafa wa allon ido. Na kira sikiribtin, na ba shi dosiyen da na sa wa suna "sunan jikar goggo". Sai ga layuka uku na faransanci sun fito, a ƙarƙashinsu kuma "An gama".

"Me ta ce?" Goggo ta tambaya.

Yaya ya leƙo ya karanta, ya fara dariya tun bai fassara ba. "Ta ce ta nemi sunan, babu. Ta nemi jikar, babu. Ta nemi Goggo, ita ma babu."

"Babu ni?" Goggo ta dafe ƙirji. "Ga ni zaune na cika maku zaure, wannan abar ta ce babu ni? To wa ya ci tuwon sunan?"

Muka yi dariya har na share hawaye da bakin mayafi. Na duba kle ɗin, wayam, ko hoto ɗaya bai shiga ba. Goggo ta ce ita dai abin da ya fi ba ta mamaki shi ne rashin kunyar abar, ba ta yi komi ba amma ta ce an gama. Ta ce ta san masu irin wannan halin a dangi, ba za ta faɗi suna ba.

Yaya ya jawo kujera ya gyara, yana yi mini bayani. Shel, in ya ga fili tsakanin kalmomi, ɗauka yake abubuwa daban-daban ne. Shi Yaya a Kano bai saba sa fili a sunan dosiye ba, shi ya sa gwajinsa ya wuce lafiya. Maganin ƙarami ne: duk inda sikiribtin ya ambaci sunan, a rufe shi da alamar zance ta biyu-biyu, a rubuta "$dosiye", sai shel ya riƙe shi dunƙule ɗaya. Na biyun kuma, ya ƙara layi a can sama, set -eu, wanda ke sa aiki ya tsaya in wani umarni ya faɗi ko an kira sunan da ba a ba shi komi ba. Ya ce kada in jingina da shi gaba ɗaya, akwai inda kuskure ke zille masa, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Muka sake kira. Hotuna suka shiga. Goggo ta karɓi kle ɗinta ta ɗaure a bakin zane, ta nuna ordinatar da yatsa ta ce, "Yau na yafe miki."

A wannan daminar na koyi sauran. Yaya kan dawo daga gona da la'asar, ya wanke ƙafa, mu zauna a zaure. Na gano cewa Hausa ma da nata tarkon. Ranar da na buga 'yan uwa da hannuna, sai shel ya yi tsit ya zuba mini ido, saboda ya ɗauki wannan ɗan waƙafi na sama a matsayin buɗe zance, yana jiran in rufe. Na ɗauka ordinatar ta lalace. Yaya ya ce a'a, ladabi ne, jira take in gama magana. Daga nan muka buɗe dosiye na musamman don gwaji, muka cika shi da sunaye masu wuyar sha'ani: mai fili, mai ƙ da ɗ, mai farawa da 'y, da wani da babu komi a cikinsa. Duk abin da na rubuta, sai ya bi ta cikinsu kafin ya taɓa hoton mutane.

Bayan girbi Yaya ya koma Kano. Ni kuwa hannuna ya faɗa, na so in ƙara wa sikiribtin aiki ɗaya: in ya gama juyewa, ya share katin kamara don in samu wuri. Na kira shi a waya.

"Sharewa kika ce?" Na ji ya ajiye abin da ke hannunsa. "To saurara. A shel babu kwandon shara, abin da ya tafi ya tafi. Ki fara sa echo a gaban umarnin, ya rubuta miki abin da zai share ba tare da ya share ba. Ki karanta da idonki. Kuma kada ya share sai ya gwama abin da ya juye da na asali ya ga daidai suke."

Ya ƙara da cewa in zan shiga wani dosiye da cd, in biyo shi da || exit 1, don in shigar ba ta yiwu ba kada ya tsaya inda yake ya hau shara a ɗakin da ba shi aka aike shi ba. Na yi duk yadda ya ce. Saƙonnin kuskuren kuma da Hausa na rubuta su, yadda nake magana, domin faransancin na'ura ba ya shiga kaina da sauri.

Amfaninsu ya fito a wani biki da na je Kurni. Gidan amarya manoma ne masu yawan dangi, an zo daga Tsauni, an zo daga tsallaken iyaka, kowace tsohuwa tana son a ɗauke ta da amarya, sannan a sake ɗauka don ta rufe ido a na farko. Na dawo a taksin daji a matse tsakanin buhun wake da wata mata mai kaji. Ranar kasuwa ce, kuma da yamma ina da kamu a unguwarmu, ga kati ya cika. Na soka shi, na soka babban kle ɗin da nake ajiya a ciki, na kira sikiribtin, na shiga gida yin alwala.

Da na fito, babu "An gama" a allon. Abin da na gani shi ne maganata da kaina: "Juyewa ba ta kammala ba. Ban share komi ba. Je ki duba." Na duba, ashe kle ɗin ne ya cika a tsakiyar aiki. Rabin bikin ya shiga, rabi bai shiga ba, amma duka yana nan a kati, har tsofaffin da suka rufe ido. Na zauna a benci ina ta hamdala, sannan dariya ta kama ni ni kaɗai, har innarmu ta leƙo ta ce lafiya.

Na aro kle a wurin maƙwabcinmu mai cajin waya, na sake kira, wannan karon ya kai ƙarshe. Na isa kamun a kan lokaci, har na samu ɗaukar shigowar ƙawayen amarya.

Da daminar ta zagayo Yaya ya dawo, ya buɗe sikiribtin ya karanta daga sama har ƙasa. Ya tsaya a kan bayanan da nake rubutawa bayan alamar #, inda nake tuna wa kaina dalilin kowane layi. Ya nuna mini wuri ɗaya da zan iya taƙaitawa, na nuna masa abin da ya sa na bar shi da tsawonsa, muka ɗan yi musu, kowa ya tsaya a kan nasa. Daga baya ya ce in zuba masa kwafi, akwai mai ɗaukar hoto kusa da rumfarsu da ke fama da irin wahalata ta da. Na zuba masa. Ya ce sai dai zai canza "Je ki duba" ya koma "Je ka duba", don mutumin gemunsa har ƙirji.