Rantsuwar da Ta Karya Bayan Gwaggo Asabe

Ni ba 'yar boko ba ce, a firamare na tsaya. Aure ne ya kawo ni London, muka samu flat a Thamesmead, inda ko ta wace taga na leƙa siminti nake gani. Mijina direban kai kaya ne, wuni yake a hanya. A da, ko canji aka ƙara mini a kanti bisa kuskure sai na mayar.

Da na haifi 'yata Ilham ba ni da kowa. Wata dattijuwa 'yar Zariya da ke ƙasan benenmu, Gwaggo Asabe, ita ta yi mini wankan jego a bahon banɗaki, tana dafa ruwa a butar lantarki tana yi mini tsiya. "Ke 'yar nan, wannan raki haka! Tsaya in gasa miki bayan nan." Ita take goya Ilham idan na fita.

Da zama ya yi tsanani, na samu aikin shara a wani wurin gyaran baya a Whitechapel, saman wani kanti. Mai wurin Dokta muke ce masa. Yakan kwantar da mutum ya danna ƙashin bayansa har ya yi ƙas. Wata rana ya danna mini nawa, na ɗan ji sauƙi. Ya ce in faɗi haka da yarenmu, shi zai ɗauki bidiyo. Na ce maɗorin Turawa ne, don na san mutanenmu sun fi yarda da maɗori a kan likita. Na ƙara da wallahi. Wannan bai ma sa ni ba, ni na ƙara.

Bidiyon ya shiga group ɗin matan Arewa, sai ga Hajiyoyi suna hawa benen suna haki. Dokta ya gane cewa mace in ta sa hijabi ta rantse da Hausa, ba a tambayarta hujja. Daga nan ya raba ni da tsintsiya. Nakan ɗaura niƙabi, in sauya suna, in sauya murya. Yau ni ce wadda ta kasa sujada, gobe wadda aka ce sai an yi mata aiki. Har keken guragu ya aro, na zauna a kai, na miƙe ina kuka. Kukan na gaske ne, na tsoro. Amma da na tuna madarar Ilham sai in sake ɗaura niƙabin.

Ana haka Gwaggo ta fara ciwon baya. Na lura zaninta ya yi mata yawa, ta rage cin tuwo, goyo ya gagare ta. Likitanta ya yi mata booking a ɗauki hoton bayan a asibiti. Ta kira ni ta nuna mini wayarta. Mai niƙabin nan ce a kan keke.

"Maman Ilham, ba can kike aiki ba? Wannan baiwar Allah, kin gan ta da idonki?"

Na ce, "Na gan ta, Gwaggo."

"Ta miƙe?"

"Ta miƙe."

"To a yi cancel ɗin asibitin. Dama ba na son injin nan da ake tura mutum ciki kamar gawa."

Ni na riƙe mata jaka a bas. Da muka isa, ina tsaye a bakin ƙofa Dokta ya danna bayanta. Ƙarar da na ji ba irin ta kullum ba ce. Gwaggo ta ce, "'Yar nan, ina ƙafafuna?"

A asibiti suka ce ciwon daji ne ya riga ya ci ƙashin, dannawar ta ƙarasa shi. Da hoton aka fara ɗauka, da ba wanda zai taɓa wurin. 'Yan sanda suka gano Dokta ba shi da lasisi. A kotu aka kunna bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya, tafinta yana fassara wa alƙali kowace wallahi da na yi. Aka ɗaure shi, aka ɗaure ni.

Yanzu na fito. Ilham in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, tana laɓe a bayan ubanta. Ranar Idi a masallacin Regent's Park, matar da ke gefena ta janye dardumarta.

Na je na durƙusa gaban keken guragun da Gwaggo ke kai yanzu, na nemi gafara.

"Muryar ce ta yi mini kama da taki, shi ya sa na tambaye ki," in ji ta. "Da a'a kawai kika ce, da asibiti na tafi." Sai ta nuna ƙasa. "Ɗaga mini ƙafar nan, ta zame."

Na ɗaga na mayar mata. Ƙafar sanyi ƙalau, ba nauyi. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake roƙo ba.

Na tuba, kullum ina istigfari, amma ban san ko na makara ba. Ƙannena mata da maza, duk wanda ya ce ku yi shaidar warakar da ba ku samu ba, ku guje shi, ko yunwa za ta kashe ku. Kada ku hana mara lafiya ganin likita. Ni na ɗauka baƙi ne za su ji rantsuwata. Ashe wadda ta fi yarda da ni ita za ta hau gadon Dokta, kuma bidiyon har yau yana yawo a wayoyin mutane.