Na Sayi Gona, Ban Sayi Ɗorawa ba

Shekarar da na fara harkar filaye ina koyarwa ne a firamaren garinmu, wani ƙauye a kan hanyar Minjibir. Lokacin birni ya fara miƙo ƙafa ta wajenmu, duk wanda ka tare zancensa fuloti. Abokan aikina biyu sun sayi gonaki a bakin titi, sun yayyanka sun sayar, ɗaya har ya sauya babur, ni kuwa ina nan da alli a hannu. Da na kwashi adashinmu na malamai, sai na haɗa da kuɗin bijimin da na turke, na ce ni ma bari in shiga a dama da ni.

Wani dillali ɗan garinmu ne ya kai ni gonar. Mutum ne mai farar hula da dogon carbi, ga romon baka, idan ya ce maka “Malam” sai ka ji kamar ka fi kowa ilimi a ƙasar Kano. Mai gonar kuma sa’ana ne, ya gaji da fartanya, so yake ya sayi adaidaita sahu ya koma birni. A tsakiyar gonar akwai wata ƙatuwar ɗorawa, a inuwarta ma muka tsaya muka yi ciniki. Washegari muka je zauren mai unguwa da shaidu huɗu, aka rubuta takarda. An faɗi maƙwabcin gabas, an faɗi na yamma, kudu da arewa duk an lissafa. Babu wanda ya ambaci ɗorawa.

To a wajenmu ƙasa daban ce, itace daban. Kana iya noma gona shekara da shekaru, amma tsamiyar da ke cikinta ta wani ce, in ta nuna shi zai zo ya kaɗe abinsa. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurina, a cikinsa na tashi. Tambaya ɗaya ce tak ake yi kafin a sa hannu: itacen nan na wa? Ban yi ta ba, don idona ya rufe, ina ta zana fuloti shida a cikin kaina.

Ɗorawar ta gwaggon mai gonar ce. Da aka raba gadon mahaifinsu, maza suka ɗauki ƙasa, ita aka ba ta itacen. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma da itacen nan take riƙe kanta. Duk bazara takan sa a kaɗo mata, ta sayar da garin, ta dafa kalwar ta yi daddawa, ɓawon ma ba ta zubarwa, masu daɓe suna saye. Babu gidan da bai san daddawarta ba, har da namu. Abin da ban sani ba kawai shi ne daga wace bishiya take fitowa.

Da mai awo ya zo ya kakkafa turakun siminti, sai dillali ya same ni a ƙofar makaranta ya ce hanyar da za ta ratsa tsakanin filayen ta faɗa daidai kan itacen.

“Ka bar mini wannan, Malam, zan gyara,” in ji shi.

Na ce masa to, a yi abin da ya dace. Har yau idan na tuna wannan amsa sai in ji haushin kaina ya kama ni. Me na zaci zai gyara? Ya lallashi ɗorawa ta matsa gefe?

Ranar Laraba ina cikin aji na riƙa jin kukan injin yankan itace daga nesa, ban kawo komai a raina ba. Sai da aka tashi na bi ta wajen, na tarar da ita a kwance, ta cika rabin gonar. ’Ya’ya ne reto-reto a jikinta, saura bai fi mako biyu su nuna ba. Dillali yana tsaye yana nuna wa masu inji inda za su daddatsa, ashe tuni ya sayar wa masu gidan burodi da itacen. A nan wani manomi da ke maƙwabtaka da gonar ya matso ya gaya mini ko ta wace ce.

Na juya kan dillali. Na ce, “Ka san ta tsohuwar nan ce?”

Ko a jikinsa. Ya ce, “Malam, ai kai ka saya. Takarda ba ta ce ban da itace ba.”

Mutumin da aka haifa gida uku tsakaninsa da ita, wanda ya girma da miyar daddawarta, shi ne yake karanta mini takarda. Na nemi mai gonar a waya, a kashe. Shaidu kuwa, dattawa huɗu da gemunansu, kowa ya ce ya zaci na sani. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, abin da ya faru ya riga ya faru. Wannan haƙurin ne ya fi ƙona mini rai, domin duk wanda ya furta shi a ranar babu abin da ya rasa. Dukansu sun sani, sun yi gum ne kada ciniki ya lalace, ladan shaida ya wuce su.

Ba zan ɓoye ba, filayen sun sayu, na kuma ci riba. Na tilasta wa dillali ya fito da kuɗin itacen, na ƙara nawa na kai mata. Amma kuɗin itacen wuta ne, sau ɗaya ake cinsa, ita kuwa abin da aka kayar mata duk shekara yake haihuwa. Tun daga nan ban sake sayen ko taku ɗaya ba sai na bi kowace bishiya na ji mai ita, dillalai har suna yi mini dariya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yammacin ranar Larabar. Bayan la’asar na koma gonar ni kaɗai, ban ma san abin da na je yi ba. Ina tsaye sai ga tsohuwar da buhu a hannu. Ta zo daidai turken siminti ta tsaya, ba ta tsallaka ba. Ta yi sallama, ta tambaye ni iyali da ɗalibai, sannan ta ce:

“Malam, an ce yanzu wurin naka ne. Ka ba ni izini in tsinci abin da ke jiki kafin mota ta zo.”

Na ce, “Haba Inna, wane izini? Ai taki ce.”

Ta dube ni, ba faɗa ba tsawa, ta ce, “Da tawa ce, ɗan nan, ai da an tambaye ni.”

Ta shiga ta durƙusa tana tsinkar ’ya’yan tana zubawa a buhu. Ɗanyu ne shar, ni da ita duk mun san kalwarsu ba za ta yi daddawa ba. Na sunkuya zan taya ta, sai ta ɗaga mini hannu.

“Bar shi, Malam,” ta ce. “Kada ka ɓata rigarka.”